Yadda Za Ka Riƙe Tanti Shekara Bakwai Bai Taɓa Yoyo Ba

Kai mai karatu, sannu da zuwa. Idan kana da tanti, ko kana shirin saye, ko kuwa ka taɓa ganin hoton wani a kan dutse da jaka goye a baya ka ji zuciyarka ta ce "ni ma zan iya", to ka iso inda ya dace. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, tantinka zai ga damina bayan damina, ya sha zafin bazara, ya sha ɗari, kuma ba za a sami mutum ɗaya a faɗin Zamfara da zai ce ya zauna a cikinsa ruwa ya jiƙa shi ba.

Ba a littafi aka samo ilimin nan ba. An gwada shi ne a unguwar Damba da ke Gusau, a kan wani bawan Allah mai suna Muktar, ma'aikacin ofis, mai mata ɗaya, da 'ya ɗaya, da tanti ɗaya. Abin da ya yi kawai za ka yi.

Mataki na ɗaya: Sayi tantin da ya fi ƙarfin tafiyarka

Kada ka sayi tamfol. Tamfol kayan aiki ne, duk wanda ya gan shi ya san amfaninsa, kafin la'asar maƙwabci ya aiko a ba shi aro. Nemi tanti na gaske, irin wanda ake naɗewa ya shige 'yar jaka kamar matashin kai, a goya a baya.

Shi Muktar takalmi ya je nema wurin 'yan gwanjo. Yana cikin tona kaya ya ɗago wata doguwar jaka koriya.

"Wannan fa?"

"Ajiye, Yallaɓai," in ji mai gwanjon, ko ɗago kai bai yi ba. "Ba irin naku ba ne. Na masu hawan dutse ne."

Muktar, wanda abu mafi tsawo da ya taɓa hawa a rayuwarsa shi ne benen ofishinsu, ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa. Ya koma gida da tanti a kafaɗa, da tsohon takalminsa a ƙafa.

A jikin jakar akwai hoton mutum biyu suna murmushi, dusar ƙanƙara ta kewaye su, a ƙasa an rubuta cewa tantin na yanayi huɗu ne. Tabbatar naka ma yana da irin hoton. Kada ka damu da cewa dusar ƙanƙara ba ta taɓa sauka a Gusau ba. Ranar da za ta sauka, kai kaɗai ne a shirye.

Mataki na biyu: Kai labarinsa majalisa, shi ka bar shi a gida

Tantin da aka gani da ido ana iya samun aibinsa. Wanda aka ji labarinsa kuwa ba ya yagewa.

Kullum da yamma Muktar na zama wurin mai shayi a bakin layinsu, tare da abokinsa Bashar, direban motar haya da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe. A nan ya fara bayani. Ya ce ruwa in ya sauka a kan tantin nan dunƙulewa yake yi ya gangare, kamar a bayan agwagwa. Ya ce iska na zuwa ta gaishe shi ta wuce. Ya ce sauro in ya iso bakin ragar ciki sai ya tsaya ya yi tunanin rayuwarsa.

"Dutsen Kwatarkwashi zan fara hawa," in ji shi. "Can ƙololuwa. In kafa, in dafa shayina, in leƙo ku kuna wucewa a mota kamar tururuwa."

"Yaushe?" in ji Bashar.

"Bari yanayi ya daidaita."

"Ba kai ka ce na yanayi huɗu ne ba?"

"Tantin ne na yanayi huɗu, Bashar. Ni ban ce ni ne ba."

Haddace amsar nan. Za ka yi shekaru kana cin moriyarta.

Mataki na uku: Ba kowane yanayi uzurinsa

A nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Sai su yi uzuri ɗaya su maimaita shi har ya tsufa. Kai ka raba su daidai da kalandar manoma.

Da bazara, ka ce rana tana cin launin kaya, kuma mai hankali ba ya gasa dukiyarsa. Da damina, ka ce dutse na da santsi, kai kuma kana da iyali. Da kaka, aiki ya yi yawa a ofis. Ba wanda zai tambaye ka me ofishinku ke girbewa. Da ɗari, ka yi tari sau biyu a gaban jama'a, magana ta ƙare.

Akwai kuma uzuri na biyar, wato hanya ba lafiya. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma ba wanda zai musa maka, domin kowa a majalisar ya san wani da labarin ya shafa. Muktar bai cika faɗarsa ba. Duk ranar da ya faɗa, shayi ne kawai ake kurɓa, ba dariya.

A haka aka haifi 'yarsa Ummi. Ta yi zama, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta shiga firamare. Dutsen Kwatarkwashi yana nan inda yake, yana jira da haƙuri irin na duwatsu.

Mataki na huɗu: Rataye shi inda mahaifiyarka za ta gan shi

Masana harkar tanti sun yi saɓani a kan wannan mataki, amma shi ne zuciyar al'amarin.

Muktar a gidansu na gado yake zaune, shi da matarsa Hanatu a sashe ɗaya, mahaifiyarsa Inna a ɗayan. Ya kafa ƙusa a ɗakin ajiya, ya rataye jakar, ya yi gargaɗi cewa kada kowa ya taɓa.

Inna kuwa tana da aƙida guda: duk abin da bai ga rana ba ruɓewa yake yi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ta fito da komai na gidan tsakar gida ta shanya, tun daga zannuwan akwati har zuwa tabarmar baƙi. Ba ta taɓa ɗaukar gargaɗin ɗan da ta goya a matsayin wanda ya shafe ta ba. Ranar shanya, bayan ya tafi ofis, ta sauke jakar ta zazzage.

Abubuwa biyar suka zubo: babban rufi kore mai santsi, da raga ta ciki mai zif, da sanduna masu lanƙwasa, da turaku na ƙarfe, da igiyoyi.

"Wanga fa, na mi ne?" in ji Inna.

"Ɗaki ne, Inna," in ji Hanatu. "Na Baban Ummi."

Inna ta dubi rufin. Ta dubi tarin itacenta da ke jikin katanga, wanda bara ya sha ruwa har ta yi damina guda tana hura wuta da hawaye.

"Ɗaki cikin jaka," in ji ta, "itacena cikin ruwa."

Aka lulluɓe itace da rufin, na ɗan lokaci kawai, kafin a sami leda. Daga nan komai ya bi hanyarsa. Ragar ta zama gidan sauron Ummi. Da Ummi ta girma, ragar ta koma rufin kuɓewa da kauɗar da ake shanyawa, don kada ƙuda ya sauka. Turakun suka dace da awakin Inna kamar don su aka ƙera su. Sanda ɗaya ta shiga aikin kaɗe yanar gizo, ɗaya ta shiga aikin kaɗo mangwaro. Igiyar kuwa aka ɗaura ta daga bishiyar dalbejiya zuwa taga, kuma a kanta ake shanya rigunan ofis na Muktar. Kullum da safe da hannunsa yake cire riga a kai.

Jakar ba a bar ta da yunwa ba. Hanatu ta cusa mata tsofaffin zannuwa, ta sa guntuwar muciya a tsakiya don a riƙa jin tauri, ta mayar kan ƙusa.

To ka san halinmu da aro. Abin da ya fito tsakar gida ya riga ya zama na dangi. Wata shekara da kaka, mahaifin Hanatu, Baba Ɗanjuma, manomi a Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, ya rasa abin da zai kaɗe riɗinsa a kai. 'Yarsa ta aika masa da rufin. Kara ya yaga shi a gefe, tsohon ya zauna ya ɗinke da zaren buhu, ya mayar. Daga baya Gwaggo Wasila, ƙanwar Inna mai sayar da tumatir a Tsafe, ta zo wani bikin suna, ta gan shi, ta ce ai wannan inuwa ce. Bashar ne ya kai mata a bayan motarsa. A hanyar Tsafe kuwa dole a bi ta gindin Dutsen Kwatarkwashi.

Ka lura: tanti, kamar ɗan makaranta, yana buƙatar fita ya ga duniya. Ba dole ba ne da kai.

Mataki na biyar: Kada ka buɗe jakar

Shafa ta dai. Muktar kan shiga ɗakin ajiya lokaci-lokaci, ya ɗan bubbuga jakar, ya ji taurin muciya, ya gyaɗa kai.

"Kin gani?" yakan ce wa Hanatu. "Kayan kirki ke nan. Har yau kamar sabo."

"Kamar sabo," in ji Hanatu, ta sunkuyar da kai kan tsintar shinkafa.

Mataki na shida: Yi alkawari a gaban surukinka

Duk tantin da ba a gwada ba, wata rana za a ce ƙarya ne. Kana buƙatar shaida, kuma ba shaidar da ta kai ta suruki nauyi, domin shi kaɗai ne ba za ka iya ce wa "bari yanayi ya daidaita" ba.

A ƙarshen daminar shekara ta bakwai aka kawo Baba Ɗanjuma asibiti a Gusau. Tari ne ya kama masa ƙirji ya ƙi saki. Likita ya ba shi magani, ya ja masa kunne: kada ruwa ya dake shi, kada sanyi ya shige shi, in ba haka ba dawowar da zai yi ta kwanciya ce. Kafin ya koma ƙauye ya biyo ta gidan 'yarsa, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Muktar ya zo ya tsuguna can nesa kusa da ƙofa, idonsa a ƙasa, kamar yadda ya saba tun ranar da aka ba shi Hanatu. Bai taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba. Bai taɓa haɗa tabarma da shi ba. In tsohon ya yi dariya, Muktar ƙasa yake yi wa murmushi.

Daga bakin ƙofar ciki Hanatu ke roƙo. "Baba, don Allah ka zauna a gida. Ka ji abin da likita ya ce."

"In zauna, wa ka tsare min gyaɗa?" in ji tsohon. "An tuge ta, tana shanye a gona. Mutane sun fara sakin awaki. Ga irin baɗi a ciki, irin da na gada wurin tsohona, ba a samun shi kasuwa. Wuni kawai nike yi, ba kwana ba."

"Rumfarka fa ta faɗi."

"Ta faɗi."

"In hadari ya taso fa?"

"In shi taso, shi taso."

Muktar ya san sauran ruwa ɗaya ko biyu a sama, irin na bankwana, mai zuwa da iska ba sallama. Ya san gonar ba ta kusa da gari. Kuma shekara bakwai yana neman ranar da zai faɗi wata magana mai amfani a gaban mutumin nan. Sai ya ji bakinsa ya buɗe.

"Baba, ai akwai tanti."

A cikin gida, wani abu mai kama da ludayi ya faɗi ƙasa.

"Ko ɗigo ba ya shiga," in ji Muktar, yana gaya wa tabarma. "Ranar Asabar zan kawo, in kafa maka da kaina."

Tsohon ya daɗe yana kallon sa. "To, Malam Muktar," in ji shi. "Allah shi kai mu."

Mataki na bakwai: In ka ga mata suna ƙus-ƙus, fita shan iska

Abin da ya faru a kwanakin da suka biyo baya bai shafe ka ba, kuma bai shafi Muktar ba, domin yana ofis.

Hanatu ta so ta gaya masa gaskiya. Inna ta hana.

"Ki ce mishi mi? Shekara bakwai yana shafa muciyata? A haɗa mishi abinshi."

Aka kira Gwaggo Wasila a waya.

"Tumatir ɗina fa?" in ji ta. "Ku kun san zafin ranar Tsafe kuwa?"

"Gwaggo, ƙirjin Baba ne," in ji Hanatu.

Nan take Gwaggo ta sauko. "Ki ce wa Bashar shi biyo ta kasuwa."

Rufin ya dawo Gusau a bayan mota, tare da kwandon tumatir na gaisuwa. Aka wanke shi da sabulu, aka sake wankewa. Hayaƙin itace ya ɗan fita, ƙamshin daddawar maƙwabciyar Gwaggo ya ce shi ya zauna ke nan. Aka kakkaɓe 'ya'yan kuɓewa daga raga. Aka karɓo sandar mangwaro daga gida na uku a layin. Aka kwance igiyar shanya, Muktar ya dawo ya tarar da rigunansa a kan katanga, aka ce masa rana ta fi kyau a can.

Sai turaku. Aka tuge su ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaure awaki a jikin turmi da ƙafar gado. Da aka zo kan jar akuya, mai tsohon ciki, Inna ta tsaya a gabanta.

"Wagga ba ta tashi. Yau ko gobe za ta haihu, kuma nan ta saba. In kun canza mata wuri ta ɓarar, ku za ku biya ni?"

"Inna, turke ɗaya ne zai rage."

"To shi rage. Ɗaki guda ba shi faɗuwa don turke guda."

A harkar awaki Inna ba ta taɓa kuskure ba. A harkar tanti, wannan ne karonta na farko.

Mataki na takwas: Kafa shi kamar ka saba

Ranar Asabar Muktar ya goya jakar a baya, karo na farko tun ranar gwanjo, ya hau mashin, Hanatu a bayansa tana riƙe da ƙullin magani. Suka isa gonar Baba Ɗanjuma bayan azahar. Gabas ta riga ta fara haɗe rai.

Tsohon na zaune a kan kututture, da malfa a kansa, gyaɗa shanye a gabansa. Aka gaisa, daga nesa. Muktar ya durƙusa, ya yi bismillah, ya zuge jakar.

Abin da ya fara fitowa ƙamshi ne. Sannan rufin, wanda ya sani kore shar, yanzu ya koma kalar miyar kuka ta jiya. Ya warware shi, ya ga ɗinki da zaren buhu, tsawon kamu guda. Ya ɗago igiya, ya ga wani ƙulli da yake gani kowace safiya kusa da rigarsa. Ya ɗago turke, ya ga farin gashi da baƙi maƙale a wuyansa.

Ya dubi Hanatu. Hanatu na nazarin sararin sama kamar za a yi mata jarrabawa a kai.

Muktar ba wawa ba ne. A tsugunen nan ya ga shekara bakwai sun jeru a gabansa, kowace da aikinta. Kunnuwansa suka yi zafi. Ya ji tsohon ya matso, ya ga babban yatsansa yana bin ɗinkin nan a hankali.

"Haka... haka suke zuwa daga kamfani, Baba," in ji Muktar.

"Lalle," in ji Baba Ɗanjuma. "Kamfanin ga sun iya ɗinki."

Yanzu sai kafawa. A nan ka natsu. Riƙe sanda ɗaya a kowane hannu, ka ɗaure fuska kamar mai lissafi. In Allah ya taimake ka, akwai wadda ta yi shekara biyu tana kafa ragar nan a kan jaririya.

"Ni dai ban sani ba," in ji Hanatu, "amma kamar wannan sandar ta nan take shiga."

"Abin da nake shirin yi ke nan."

"Kuma kamar sai an gicciya su."

"Ai dole."

Tanti ya miƙe. Ƙarami ne, bai kai tabarmar sallah biyu ba, amma ya tsaya da ƙafafunsa a tsakiyar gonar gyaɗa. Kusurwa uku suka sami turakunsu, igiyoyi suka sami nasu. Ta huɗu, ta ɓangaren gabas, ba ta samu ba. Ba lokacin sassaƙa itace, domin iska ta fara kaɗa ganye. Muktar ya karyo karan dawa ya soka.

Suka tattara gyaɗar iri cikin buhu biyu suka tura ciki. Sauran aka kife ta, ganye a sama. Tsohon ya ce wa 'yarsa ta ruga gida ta taya uwarta kwashe shanya. Ta ruga. Shi kuma ya sunkuya ya shiga, ya zauna tsakanin buhunansa.

Mataki na tara: In turke ya ƙare, kai ne turke

Iskar farko ta karya karan dawa kamar tsinken sakace. Kusurwar gabas ta ɗaga sama, rufin ya kumbura, tantin gaba ɗaya ya yi niyyar komawa Tsafe. Muktar ya yi tsalle ya danne kusurwar da hannu biyu da gwiwa.

Sai ruwa ya kece.

"Malam Muktar!" Muryar tsohon ta fito ta cikin rufi. "Shigo mana. Zauna bisa kusurwar daga ciki, nauyinka ya isa."

Gaskiya ne, nauyinsa ya isa. Muktar ya auna abin a ransa. Ɗakin da bai kai tabarma biyu ba. Buhu biyu. Shi da surukinsa, gwiwa na gugar gwiwa, numfashi na haɗuwa, ba ƙasar da zai kalla sai ƙafar Baba. Har ruwa ya ɗauke.

"A'a, Baba. Nan ma lafiya lau."

"Ruwa ne fa."

"Yayyafi ne, Baba."

Aka yi tsawa, kamar sama na ba da tata amsar.

Ruwan ya bi ta wuyan rigarsa ya gangara baya. Hularsa ta jiƙe ta kwanta. Ƙasar gonar ta zama taɓo, gwiwoyinsa suka nutse. Bai saki ba. Kunnensa na jikin rufi, yana sauraren abu ɗaya: tari. Ya ji ruwa na bugun rufin, ya ji iska, ya ji tsohon na gyara zama. Bai ji tari ba.

Ya buɗe ido da ƙyar ya dubi rufin a gaban hancinsa. Ruwan na sauka, yana dunƙulewa, yana gangarewa. Ba kamar a bayan agwagwa sosai ba. Kamar a bayan tsohuwar agwagwa dai. Amma yana gangarewa. Har ta kan ɗinkin zaren buhu.

"Baba! Yana yoyo?"

"Ko ɗigo."

"Irin fa?"

"Ƙalau yake."

Muktar, durƙushe cikin taɓo, ruwa na shiga masa baki, ya kama dariya shi kaɗai. Ashe duk abin da ya faɗa a majalisa gaskiya ne.

Can sai ya ji ƙarar zif. Hannu ya fito ta 'yar kafa, riƙe da malfa, ya laluba, ya kifa masa a ka, ya koma. Zif ya rufe.

Da ruwa ya ɗauke, Baba Ɗanjuma ya fito a bushe kamar daga ɗakinsa, ya dubi surukinsa daga malfa har taɓo.

"Malam Muktar, ka bar min shi har in gama tsinkar gyaɗa."

"Ai naka ne, Baba."

"A'a. Aro dai." Tsohon ya shafa rufin kamar mai shafa wuyan doki. "Mun saba da juna a haka."

Mataki na goma: Koma majalisa da shaidarka

Muktar ya yi kwanaki yana atishawa. Ranar da ya koma wurin mai shayi, da rawani a wuya da ƙamshin man zafi, Bashar na jiran sa.

"Mai tanti! An ce an kafa."

"An kafa."

"Ya yi yoyo?"

"Ko ɗigo. Je ka tambayi surukina."

"To wannan murar fa?"

"Mura daban, tanti daban."

"Ai ni ma shaida ne," in ji Bashar. "Duk lokacin da na ɗauko shi daga..." Sai ya tsaya. Mai shayi ya shiga goge teburin da ya riga ya goge.

Muktar ya kurɓi shayinsa a hankali. Ya ajiye kofi.

"Ta gindin Kwatarkwashi kuka bi?"

Bashar ya sosa ƙeya. "Zuwa da dawowa."

"To ka gani," in ji Muktar. "An fara."

Jan kunne

Mai wannan rubutu ba ta sayar da tanti, ba ta gyara shi, ba ta kuma taɓa kwana a cikinsa ba. Ba ruwanta da mura, ko ciwon gwiwa, ko rigar ofis da ta faɗo daga katanga. In ka buɗe jakarka ka tarar da muciya, tsakaninka ne da mutanen gidanku. In surukinka ya ce ka shigo ka shiga, abin da idonka ya gani kai ka jawo. In kuwa naka tantin ya yi yoyo, bincika da kyau: wataƙila ba a taɓa ba da shi aro ba.

Masu tambayar lafiyar Baba Ɗanjuma, ya warke, irin baɗi na cikin rumbu. Jar akuya ta haifi biyu, a turkenta. Jakar na nan a kan ƙusa, Inna na ajiye busasshiyar kuka a ciki.

Masu son aron tantin kuma sai su yi haƙuri. Daga Kekun Waje Tsafe zai koma, in ruwa ya kusa kuma itacen Inna na jira. Shi kansa Muktar ya nemi a ba shi na wuni ɗaya, zai kai Ummi gindin dutse su sha shayi. Inna ta ce a gaya masa ya bari yanayi ya daidaita.